Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Duk wanda ya taɓa zama a tasha yana jiran mota ta cika ya san muryar mai maganin basir. Lasifika a kan tsohuwar mota, ƙulle-ƙullen gari a leda, da lissafin da ba ya ƙarewa: basir mai jini, basir mai tsiro, mai sa ciwon baya, mai kumbura ciki. A wurinmu duk abin da ya faru daga cibiya zuwa ƙasa sunansa basir.

Kawuna ma haka ya kira nasa. Manomi ne, ya ba sittin baya, ya fi shekara yana ganin jini a bahaya yana shan jiƙe-jiƙe, ba wanda ya sani sai matarsa. Ranar babbar sallah na lura rigar da aka ɗinka masa bara ta koma kamar ta aro. Na ce, "Kawu, kun rame fa." Ya ce, "Kai yaro, basir ne, gadonmu ne. Babanka ma yana da shi." Da ƙyar aka shawo kansa muka tafi asibitin koyarwa. Likita ya sa safar hannu, bai yi minti biyu ba ya taɓo ƙarin da yatsa. Da aka yi hoto, abin ya riga ya kai hanta. Allah Ya jiƙansa, watanni kaɗan ya ƙara.

Sunan cutar sankarar babban hanji da dubura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a ta uku wajen yawa cikin cututtukan daji, ta biyu wajen kisa: a 2020 ta kama mutum sama da miliyan 1.9, ta kashe wajen 930,000, mafi yawansu waɗanda suka haura hamsin. Abin takaicin shi ne, cikin cututtukan daji tana daga masu ba mutum lokaci. Yawanci da ɗan tsiro take farawa a jikin bangon hanji, wanda bai fi ƙwayar wake ba, ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama daji. Idan aka tsinke shi a wannan tsakanin, magana ta ƙare. Idan ya rikiɗe, likitoci suna kasa shi mataki huɗu. A na ɗaya da na biyu yana jikin hanji. A na uku ya shiga kaluluwar da ke kewaye. A na huɗu ya yi ƙaura zuwa hanta ko huhu. Alƙaluman Amurka sun nuna cikin mutum 10 da aka gano nasu bai bar hanji ba, kusan 9 suna nan bayan shekara biyar. Cikin waɗanda nasu ya yi nisa kuwa, ba sa kai 2.

To me ke sa na wani gari a kama nasa da wuri, na wani garin sai ya yi nisa? Amurka tana cikin ƙasashen da suka bibiyi wannan tambaya, domin tana da rajistar masu cutar gunduma-gunduma. A 2015 masu bincike na ƙungiyar American Cancer Society, ƙarƙashin Rebecca Siegel, suka fitar da taswirar wuraren da cutar ta fi kisa, sai yankuna uku suka fito fili: ƙasan kogin Misisifi, wani ɓangare na tsaunukan Afalashiya, da gabashin jihohin Bajiniya da Karolina ta Arewa. A yankin Misisifi, gundumomi 94, yawan mace-macen ya ɗara na sauran ƙasar da kashi 40 cikin ɗari tsakanin 2009 da 2011. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a farkon shekarun 1970 wannan yankin ƙasa yake da sauran wurare. Ba ruwan shansu ne ya gurɓace ba, ba kuma jininsu ne ya sauya ba. Sauran ƙasar ce ta rungumi binciken hanji, mace-mace suka ragu, su kuma aka bar su a baya da talauci, da nisan asibiti, da ƙarancin likitoci. Kuma a lura, dattawan can da suka kai 65 suna da inshorar gwamnati ta Medicare, wadda tun 2001 take biyan kuɗin leƙen hanji. Ashe ko an biya maka, sai da wanda zai gaya maka ka je, da motar da za ta kai ka.

Jihar Delaware, ɗaya daga ƙananan jihohin ƙasar, ta gwada ta ga ko za a iya cike irin wannan giɓin. Ta ɗauki nauyin bincike da magani ga marasa inshora, ta kuma zuba nas-nas a asibitoci waɗanda aikinsu bin mutum ne kawai: su kira shi, su sa masa rana, su tuna masa, su bi sakamakonsa. Zuwa 2009 baƙaƙen fatar jihar da aka bincika sun tashi daga kashi 48 zuwa 74, daidai da farare, waɗanda ake gano nasu bayan ya bazu kuma suka sauko daga kashi 79 zuwa 40. A Ingila wata dabara suka bi: hukumar lafiya ke aika wa 'yan shekara 50 zuwa 74 ɗan kwalbar gwajin bahaya ta gidan waya duk shekara biyu.

Mu nan ba mai aiko mana kwalba, ba kuma nas ɗin da za ta kira tsohonka. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, waɗanda suka daɗe suna nazarin cutar tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka, sun nuna mafi yawan masu cutar a Najeriya sai a mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti. Don haka aikin waccan nas ɗin ta Delaware, a gidajenmu, ya faɗo kan ɗa ko 'ya ko jika. Ga yadda ake yin sa.

Da farko ka san abin da kake nema, domin dattijo ba zai zo ya zayyana maka abin da ya gani a bayan gida ba. Jini a bahaya, ja ne ko mai duhu, ko majina. Sauyin al'adar ciki da ya wuce mako uku: wanda kullum da asuba yake zagayawa ya koma kwana uku ba ya yi, ko zawo da taurin bahaya suna karɓa-karɓa. Bahaya ta sirance. Mutum ya fito yana jin kamar bai gama ba, ya koma ya yi ta yunƙuri ba komai. Rama ba dalili. Likitocin Ile-Ife sun lura idan jini ya haɗu da rama da sauyin bahaya, zargi ya yi ƙarfi sosai. Abin da ido bai gani ba, gida yakan nuna: yawan ɗaukar buta, tuwon da ake dawowa da shi rabi, tulin ledojin magani a ƙarƙashin matashi. Ka tambayi matarsa, ko in mahaifiyarka ce, ka sa yayarka ko ƙanwarka ta tambaye ta.

Akwai wata alama da ta fi yaudarar masu tsofaffi. Idan ƙarin yana ɓangaren dama na hanji, wanda ya fi faruwa ga masu manyan shekaru, jinin yakan riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan yana cakuɗewa da bahaya, ba a ganinsa. Sai dai tsohuwa ta ɗashe, tafin hannunta ya yi fari, ta riƙa haki daga ɗaki zuwa tsakar gida. A je kemis a sayo maganin ƙarin jini, ta ɗan farfaɗo, bayan wata biyu a koma gidan jiya. Namiji ko macen da ta daina al'ada, in aka ce jininsu ya yi ƙasa, tambayar da za a yi wa likita ita ce: ta ina yake zuba?

Ba ina cewa babu basir ba ne. Akwai shi, shi da atini da tsagewar dubura su ne suka fi kawo jini, kuma mafi yawan waɗanda aka duba ba daji za a samu ba. Amma mutum yana iya zama da basir da daji a lokaci guda, kuma mai lasifika bai taɓa duba kowa ba. Dokar da nake ba ka ita ce: wanda ya kai 45 ya ga jini, kada a kira shi basir sai likita ya duba da hannunsa.

Nan ne kunya take shigowa, kuma ita ce ta ci mana Kawu fiye da nisan hanya. Kada ka tunkari dattijo da kalmar daji, zai rufe maganar ne. Ka ce, "Baba, likitoci sun ce duk wanda ya haura hamsin a duba cikinsa, ko lafiyarsa ƙalau. Na riga na karɓar muku kati." Idan akwai amininsa ko limamin da yake jin maganarsa, ka bi ta nan. Uwa kuma a nema mata likita mace in da hali, 'yarta ta raka ta ciki. A gaban likita a faɗi komai da sunansa, da tsawon lokacin da aka ɗauka, da duk jiƙon da aka sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dubawa da yatsa ba ta wuce minti biyu, kuma da yake a ƙasarmu da yawan ƙarin a dubura yake, sau da yawa yatsa yana isa gare shi. Idan aka rubuta magani ba a duba ba, cikin ladabi ka roƙa a duba.

Yatsa dai iyakarsa kusa. Abin da ke ganin hanjin gaba ɗaya shi ne kolonoskofi, wato siririn bututu mai kyamara a baki da ake zurawa ta dubura, likita yana kallo a allo. In ya ga tsiro ya tsinke shi nan take. In ya ga ƙari ya ɗan gutsuro a kai ɗakin gwaji. A manyan asibitocin koyarwa ake samunsa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da wasu asibitocin kuɗi a birane. In kana nesa, ka karɓi takardar turawa daga babban asibitin garinku, ka sa wani ɗan'uwa a birni ya karɓo rana kafin ka ɗauko tsoho, kada a kwana uku a baranda.

Shirin ya fi aikin wahala, kuma in bai yi kyau ba likita ba zai ga komai ba, sai an sake biya. Kwana biyu zuwa uku kafin ranar a ajiye ganye, wake, gyaɗa da riɗi. Ana jajiberi sai abin sha garai-garai: ruwa, shayi ba madara, romon da aka tace. Ba kunu, ba fura. Ba zoɓo, domin jansa yana kama da jini a allo. Za a ba da maganin wankin ciki, a sha shi duka yadda aka rubuta, a kwana kusa da bayan gida, har abin da ke fita ya zama ruwa tsararo. Mai ciwon sukari, da mai shan maganin tsinka jini, da mai shan ƙwayar ƙarin jini, su faɗa tun ranar sa rana, domin akwai wanda za a ce a dakatar. A zo da ɗan rakiya, saboda allurar sa barci da ake yi.

Wanda ba shi da wata alama fa? Tun 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara bincike daga 50 zuwa 45, har zuwa 75. Mai sauƙin kuɗi shi ne gwajin bahaya da ake kira FIT, mai gano jinin da ido ba ya gani, ana maimaita shi duk shekara ko shekara biyu. Sharaɗinsa ɗaya: in ya nuna jini, sai an bi shi da kolonoskofi, in ba haka ba an yi asarar kuɗin gwajin. Kolonoskofin da ya fito tsaf kuwa yakan wadatar har shekara 10. Daga 76 zuwa 85 likita ne zai auna ƙarfin jikin mutum ya ga ko ya cancanta, amma wannan ga mai lafiya ne. Mai alama ana duba shi ko shekararsa nawa.

Batun abinci ba zan ja shi ba. Taba, giya, ƙiba da yawan zama suna ƙara haɗari, haka naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa cikin masu jawo cutar tun 2015. Gero, dawa, wake da zogale kuwa abokan hanji ne. Sai dai Kawu tuwon dawa ya ci duk rayuwarsa, bai hana ba.

In sakamako ya zo da daji, kada a tattara a koma gida. Tiyata tana warkar da na farko-farko, na uku ma ana warkewa idan aka haɗa da allurar kemo, na dubura kuma wani lokaci har da gashi da na'ura. Abin da na ga yana sa dattawanmu su gudu daga gadon asibiti shi ne jin cewa za a fito da hanji ta gefen ciki a manna jaka. Tambayarsu ta farko ba ta mutuwa ba ce: "To alwalata fa?" Ba kowa ake yi wa jakar ba, wasu kuma ta 'yan watanni ce a mayar da hanjin. Malaman fiƙihu suna da hukuncin mai lalura, irin na mai yoyon fitsari, kuma masu jakar suna sallarsu. A kawo malamin da ya yarda da shi ya yi masa bayani tun kafin ranar tiyata.

Sannan a sanar da dangi, kada a ce ai ciwon ciki ne kawai. Wanda aka samu cutar ga mahaifinsa, mahaifiyarsa ko wanda suke ciki ɗaya, haɗarinsa ya kusa ninka na sauran mutane, don haka ba zai jira 45 ba. Zai fara ne a 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. In an gano na uba yana da 62, 'ya'yansa su fara a 40. In an gano na yaya yana da 44, ƙannensa su fara a 34.