Amsoshin Tambayoyinku: Ana Cin Abinci da Hoton Masu Allon Taya?

Tambaya: Malam, ni mai hoton biki ne a Kubwa, Abuja. Ina ganin samari suna wasa da allo mai taya da yamma, hotonsu yana ba ni sha'awa. Akwai wanda ya taɓa mai da wannan sana'a?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma wanda ya fi dacewa ka sani shi ne J. Grant Brittain, Ba'amurke. Ba da kyamara ya fara ba. Ma'aikaci ne a filin wasan allo mai taya (siketbod) na Del Mar Skate Ranch a jihar Kalifoniya, sai a 1979 ya ari kyamarar abokin zamansa ya soma ɗaukar yaran da ke zuwa wurin kullum. Cikinsu har da wani siririn yaro, Tony Hawk, wanda daga baya sunansa ya game duniya. A 1983 aka kafa mujallar Transworld Skateboarding da shi, ya yi shekara 20 yana kula da hotunanta, sannan ya fita tare da abokan aikinsa suka buɗe The Skateboard Mag.

Abin da ya ɗaga shi, a ganina, zama cikin 'yan wasan ne. Ya san lokacin da mutum zai tashi sama tun kafin ya tashi. Hoton wannan wasa yana da ƙa'ida: a ga inda ɗan wasa ya taso, a ga inda zai dira. In ka yanke ƙasa ka bar shi a sararin sama, jama'a za su yaba, amma 'yan wasan ba za su sake kiranka ba. Shi ya sa masu aikin suke amfani da gilashi mai faɗin gani, suna tsugunawa dab da allon, wani lokaci har ya fasa musu kyamara.

Batun kuɗi kuwa, kada ka saki biki tukuna. Mujalla ce ta riƙe Brittain, kai kuwa Instagram gare ka. Amma kasuwar tana motsi: wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021, a Legas kuma kamfanin WAFFLESNCREAM na Jomi Marcus-Bello yana sayar da alluna da tufafi, kuma duk mai sayar da kaya yana buƙatar hoto. Ka je wurin samarin nan, ka nemi izininsu, ka tura wa kowa hotonsa kafin ka wallafa.