Darasi na Huɗu: Ƙuri'arku da Ƙarfin Majalisa

Ranar zaɓen shugaban ƙasa za a miƙa muku takardun ƙuri'a uku: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan Majalisar Wakilai. Sau da yawa hankalin masu zaɓe yakan tafi kan ta farko, su dangwala sauran biyun ba tare da sanin sunan ɗan takara ba. Daga nan raunin majalisa yake farawa.

Majalisar Dokoki ta Tarayya zaure biyu ce. Majalisar Dattawa tana da sanatoci 109, uku daga kowace jiha cikin jihohi 36, ɗaya daga Abuja. Majalisar Wakilai kuwa tana da kujeru 360. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora musu manyan ayyuka uku: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan yadda ma'aikatun gwamnati suke kashe dukiyar jama'a. Sashe na 88 ya ba su ikon gudanar da bincike. Idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a kan ƙuduri, sashe na 58 ya ba su damar mayar da shi doka da rinjayen kashi biyu cikin uku a kowane zaure.

An ga amfanin wannan iko. A shekarar 2000 majalisa ta zartar da dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta ba tare da sa hannun shugaban ƙasa ba. A watan Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai buɗe ƙofar wa'adi na uku. Da a ce 'yan amshin shata ne suka cika zauren, da labarin ya sha bamban.

Saboda haka, kafin ku zaɓi ɗan majalisa, ku tambaya: wace doka yake son kawowa? In ya taɓa zama a majalisa, yana halartar zama kuwa? Me ya yi a kwamitinsa? Yana komowa mazaɓa ya saurari jama'a? Buhun shinkafa yakan ƙare cikin 'yan kwanaki, amma wakilin da kuka tura zai yi shekara huɗu yana magana da yawunku.

Bayan zaɓe ma kuna da sauran aiki. Ku halarci zaman jin ra'ayin jama'a, ku kai koke a rubuce. Idan wakili ya gaza, sashe na 69 ya tanadi kiranye: fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu, sannan Hukumar Zaɓe ta gudanar da ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wahala, kuma rigakafi ya fi magani. Tun 2018 kuwa, ɗan shekara 25 yana iya neman kujerar Majalisar Wakilai ko ta jiha.

Tambaya: mene ne sunan mazaɓarku ta tarayya, kuma su wa suke takara a cikinta? Ku nemi amsar kafin ranar zaɓe.