Yadda Unguwa Za Ta Kare Badala, Kududdufi da Filinta Daga Masu Yankawa

A cikin birnin Kano, ba a sanar da ranar da za a sayar da fili. Sai dai a wayi gari a ga an kafa turaku, tifa ta sauke yashi, magina sun ja igiya. Haka aka yi ta gutsurar badalar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tsakanin 1095 da 1134, wadda Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, har ta shiga jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO a 2007. Haka kuma aka cike kududdufai da dama, ruwan da suke shanyewa da damina ya koma cikin ɗakunan mutane.

Filin Idi na Ƙofar Mata ya ishe mu darasi. An gina shaguna a kansa, aka rushe su a 2023, magana ta kai kotu. 'Yan kasuwa sun yi asara, dukiyar jama'a ta tafi a biyan diyya. Saboda haka lokacin tsayawa shi ne tun ba a haƙa harsashi ba. Ga abin da ya kamata unguwa ta yi.

Da farko, ku ƙidaya abin da kuke da shi. Matasa su bi dattawa lungu-lungu, a rubuta kowane wuri na al'umma: guntun badala, kududdufi, maƙabarta, filin makarantar firamare, rijiya, tsohon zauren karatu. A ɗauki hoto da waya, a auna tsawo da faɗi, a rubuta maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa. A naɗi muryar tsofaffin da suka san tarihin wurin, domin shaidarsu na iya tsayawa gaban alƙali.

Na biyu, ku san a hannun wa kowane wuri yake. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora amanar filayen jiha a kan gwamna, don haka ma'aikatar ƙasa da safiyo da hukumar bayanan filaye ta KANGIS ake tambaya ko an ba wani takardar mallaka, hukumar tsara birane ta KNUPDA kuma ko ta ba da izinin gini. Ita badala kayan tarihi ce ta ƙasa, kukanta ana kai shi ga hukumar gidajen tarihi ta tarayya, wadda ke kula da Gidan Makama. Kada ku tsaya ga magana ta fatar baki. Ku rubuta wasiƙa, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, ku adana.

Na uku, ku zama ƙungiya mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, da amintattu sanannu, domin ta iya shigar da ƙara da sunanta. A sa mai unguwa da limami da malaman makaranta da mata a ciki, a sanar da dagaci da hakimi. Amma a nisanta ta daga jam'iyya; gwamnati na sauyawa, unguwa na nan.

Na huɗu, kada ku bar wurin ya zama kufai ko bola. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma hujjar dillalin fili kullum ita ce wurin ya zama matattarar ɓata-gari. Ku yi aikin gayya kafin damina: a kwashe shara, a yashe magudana, a hana ɗibar ƙasar badala. In ana son yi mata yaɓe, a nemi izinin hukuma, a kira maginan ƙasa da suka san aikin.

Na biyar, in gidan gado ne mai tarihi magada ke son sayarwa, kada a zarge su, haƙƙinsu ne. A zauna da su, unguwa ta yi karo-karo ko a nemi mai hali ya saya ya mayar da shi waƙafi, a rubuta da shaidu, a kai wa Hukumar Zakka da Hubusi.

In kuma kun tashi kun ga turaku, kada kowa ya ɗaga hannu ko ya rushe komai. A ɗauki hoto, a kai takarda hukuma a ranar, lauya ya nemi umarnin kotu na dakatar da aiki, a kai maganar gidajen rediyo da hujja a hannu. Wannan makon, bayan sallar isha'i, ku fara da zama ɗaya da littafi ɗaya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da muka gada.