Murjani da Zafin Teku

Kun sha ganin murjani a wuyan amare. To, murjani na gaske daga gindin Bahar Rum ake ciro shi, kuma tun zamanin dā fatake suke ƙetaro hamada da shi zuwa ƙasashenmu. Mutanen dā sun ɗauka itace ne na cikin ruwa, domin yana da rassa. Sai kimanin shekara 300 da suka wuce wani likitan Faransa, wai shi Peyssonnel, ya duba shi da kyau, ya ce dabba ce. Da fari malaman ƙasarsu ba su yarda ba, amma shi ne da gaskiya.

Dabbar nan 'yar mitsitsiya ce, ba ta da ƙashin baya, kamar tana da katantanwa. Jikinta kamar 'yar jaka yake, da baki a sama, da waɗansu 'yan yatsu kewaye da bakin. Tana da dangi a tekunan ƙasashe masu zafi, waɗanda suka iya gini kamar gara. Kowace takan gina wa kanta ɗaki mai tauri, in ta mutu 'ya'ya su yi nasu bisa nata. Yau da gobe har ginin ya zama tsauni a cikin ruwa. Mafi girman irin wannan gini yana gabas da Ostareliya, tsawonsa wajen kilomita 2,300 ne, watau kamar tafiya daga Kano zuwa Ikko, zuwa da komowa. Kifaye suna hayayyafa a cikinsa, kuma shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai gaɓa.

Abin mamaki shi ne, magina ɗin nan suna da baƙi a cikin jikinsu, wani irin gansakuka ne wanda ido ba ya gani sai da madubi mai ƙara girman abu. Dabbar ta ba shi masauki, shi kuwa ya sarrafa mata abinci da hasken rana, kamar yadda ganye ke yi wa itace. Yawancin launinta ma daga gare shi yake.

A cikin 1928 wani masani Bature, Maurice Yonge, ya tafi can da jama'arsa, suka shekara a wani ɗan tsibiri suna awo da gwaji. Cikin abin da suka gano har da wannan: idan ruwa ya yi zafi ƙwarai, sai dabbar ta kori baƙonta, ta koma fari fat. Ba ta mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama ta. In ruwan ya huce da wuri baƙon ya komo, ta farfaɗo. In zafin ya daɗe kuwa, sai mutuwa. Kada ku zaci sai ruwan ya tafasa. Ƙarin digiri ɗaya tak bisa zafin da ta saba da shi a bazara ya isa, muddin ya yi makonni.

Ga shi kuwa teku tana ƙara ɗumi, saboda hayaƙin kwal da man fetur da ake ƙonawa yana tsare zafin rana a duniya, teku ce kuma take shanye yawancinsa. A 2016 Farfesa Terry Hughes da abokan aikinsa suka bi ta bisa ginin nan na Ostareliya a jirgin sama, suka duba wuri 911. Wuri 68 kaɗai suka tarar farin bai taɓa ba. Sa'an nan masu ninƙaya suka nutsa suka yi ƙidaya, aka ga kusan kashi ɗaya cikin uku na dabbobin da ke kusa da saman ruwa sun mutu a shekarar.

Masana sun ce ko irin da ya fi saurin girma sai ya sami shekara 10 zuwa 15 kafin wurin da ya mutu ya cika. Amma farin ya sāke aukuwa a 2017, da 2020, da 2022, da kuma 2024.