DARASI A KAN KIWON ZOMAYE: DUBA BAKIN ZOMONKA

'Yan'uwa manoma, sau da yawa zomo yakan rame alhali abinci yana gabansa, mai shi ya yi ta ba shi maganin tsutsa a banza. Kafin ka kashe kuɗi, buɗe bakinsa tukuna.

Zomo yana da haƙora 28: shida a gaba, 22 na tauna a ciki. Haƙoransa ba sa daina tsiro muddin yana da rai. Na gaba sukan ƙaru wajen milimita 2 kowane mako. Allah ya shirya su yadda na sama da na ƙasa za su riƙa gogar juna lokacin tauna, su rage tsawo. Idan ba su haɗu daidai ba, sai su zarce. Na ƙasa su fito waje, na sama su lanƙwashe cikin baki, na tauna kuma su yi tsini su yanki harshe da kumatu.

Abin da ke kawo wannan

1. Gado. Wani zomo akan haife shi muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama tsawo.
2. Abinci mai laushi. Dusa kaɗai ba ta goge haƙori.
3. Rauni, daga faɗuwa ko jan wayar keji da baki.

Alamu

Dalalar miyau da jiƙewar haɓa, zubar da abinci daga baki, hawaye, kumburi a muƙamuƙi, ƙananan kashi, da rama.

Abin da za a yi

1. Ɗaga leɓen kowane ɗan zomo ran yaye, ka kuma sāke dubawa kowane wata. Haƙoran sama su rufe na ƙasa ta gaba.
2. Kada ciyawa da harawar gyaɗa ko ta wake su yanke a keji. Dusa ta zama ƙari kawai.
3. Kada ka datse haƙori da filaya ko almakashi. Yakan tsage har saiwa, ya yi ruwa. Likitan dabbobi yana da abin gogewa, amma cikin makonni kaɗan haƙorin zai sāke tsiro.
4. Zomon da ya gaji wannan aibi, a yanka shi tun bai rame ba. Namansa lafiya lau ne. Kada a bar shi ya yi barbara.

Wannan na ƙarshe ya fi shafar ƙungiyoyinmu, gama namiji guda yakan zaga gidaje da yawa. In yana da aibin, zai baza shi ko'ina. Kada kuma ka sayar wa ɗan'uwa irin wannan zomo a kan na iri ne. Dabbobin nan amana ce daga Ubangiji, haka ma maƙwabcinka.

Don tattaunawa

Wa ke duba bakin namijin ƙungiyarku kafin a saya? Harawa nawa kuka tanada domin rani?