CIWON MUƘAMUƘI: KAFIN KI SAYI ƘWAYAR GAƁA, KARANTA WANNAN

Uwargida, sa yatsa a gaban kunnenki, ki buɗe baki. Abin da ki ka ji ya motsa, shi ne gaɓar muƙamuƙi. A cikinta akwai guringuntsi mai santsi, shi ke hana ƙashi gugar ƙashi. In ya zaizaye, sai a riƙa jin zafi wajen tauna, da ƙara kamar ana taka yashi, baki kuma ya ƙi buɗuwa sosai. Wannan shi ne amosanin gaɓa.

ƘWAYOYIN DA A KE SAYARWA

A kemis za ki ga kwalabe an rubuta Glucosamine ko Chondroitin. Na farko, galibi daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa a ke yinsa. Na biyu, daga guringuntsin saniya, ko alade, ko kifin teku. Mai talla zai ce miki suna mayar da gaɓa sabuwa. Kada ki yi saurin kwance bakin zanenki.

A shekarar 2006 an bayyana sakamakon wani babban gwaji a Amurka, kan mutum 1,583 masu ciwon gwiwa. Da aka haɗa lissafi, sauƙin da masu shan ƙwayoyin nan su ka samu bai fi na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Gwajin da aka yi a kan muƙamuƙi kuwa kaɗan ne, sakamakonsa kuma bai zo ɗaya ba. Babu tabbacin suna tsai da zaizayar gaɓa.

WA ZA TA GUJE SU?

1. Mai ciki da mai goyo.
2. Wadda jatan lande ko ƙaguwa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi.
3. Mai shan maganin tsinka jini, wato warfarin, don jini na iya ɓalle mata.
4. Mai ciwon sukari ko asma, sai ta tambayi likita tukuna.

ABIN DA KE TAIMAKO, BA KO KWABO

1. Hutar da muƙamuƙi. A bar goro, rake, aya, ƙilishi, cingam da tauna ƙashi.
2. Ci mai laushi: kunu, fate, tuwo da miyar kuka, ƙwai, ayaba. Ki yi loma ƙanana.
3. Jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, ki gasa wurin minti 15, safe da dare.
4. In hamma ta zo, tallafi haɓarki da hannu.
5. Kada ki buɗe kwalba ko tsinka zare da haƙori.
6. In kina cizon haƙora cikin barci, ga likitan haƙori, akwai robar da a ke sawa da dare.

Don zafi, farasitamol ya isa, bisa yadda aka ƙayyade. Mai ciki kada ta sha ibufurofen sai da izinin likita.

GARZAYO ASIBITI YAU

In fuska ta kumbura da zazzaɓi. In baki ya buɗe ya ƙi rufuwa. In muƙamuƙi ya sanƙare bayan rauni ko haihuwa, ko jariri ya kasa buɗe baki ya kama nono: wannan ba amosani ba ne, yana iya zama titanas, mai kisa ne.

Kuɗin ƙwaya, ki sa shi a tukunyar miya. In kina da tambaya, malamar asibiti na nan. Lafiya uwar jiki.

Sashen Wayar da Kai, Ma'aikatar Lafiya ta Jiha