Buga Katin Gayyata a Gida da Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

A da, duk mai bukatar katin ɗaurin aure ko na suna sai ya je maɗaba'a. A yau kuwa, mutum kan zauna a ɗakinsa ya tsara katin da manhajar gyaran hoto, irin su Photoshop ko CorelDraw, sannan ya buga shi da ƙaramar firinta. Wannan sauƙi ya mayar da mai katin ya zama shi ne marubuci, shi ne kuma mai duba kurakurai. A nan ne lamarin ya shafi ɗalibin Hausa.

Babbar matsala ita ce ta haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma ƴ wadda ake amfani da ita a Nijar a madadin 'y. Kafin tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya yaɗu a tsakanin masu rubutun Hausa, an dogara ne ga wasu salon haruffa na musamman, irin su Abdalla da Rabi'at, waɗanda suka ɗora haruffan a kan maɓallan alamomi. Idan aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da salon, sai "ƙarfe" ta koma "}arfe", "ɗaya" ta koma "]aya". Unicode ya bai wa kowane harafi lambarsa, amma ba kowane salon ado ne ke ɗauke da su ba. Sau da yawa masu lanƙwasa da ake sha'awa a kati ba su da ƙ, sai wani akwati ya fito a gurbinta, ko kuma mai tsarawa ya gaji ya sa k. Abin takaici, wannan gajiya kan jawo abin kunya, domin "manyan baƙi" kan zama "manyan baki", "ɗa" kuma ya zama "da". Don haka ya kamata a gwada salo da kalmomin "ɓarawo" da "ɗaki" da "ƙasa" kafin a zaɓe shi. Idan kuma za a kai aikin wata kwamfuta, sai a mayar da rubutun hoto tukuna, bayan an tabbatar babu gyara, domin daga nan ba ya gyaruwa. Haka nan a kula da rabon kalmomi: "za a" ake rubutawa, ba "za'a" ba.

Dangane da bugun kansa, allon kwamfuta yana haɗa launuka ne daga haske ja da kore da shuɗi, ita kuwa firinta tawada take zubawa, shi ya sa launin da ya yi ƙyalli a allo kan fito a dushe. Hoton da aka tsara da ɗigo 72 a kowane inci kan yi dishi-dishi a takarda. 300 ake so. Takardar A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, idan aka ninka ta biyu tana ba da kati mai girman A5. Takardar ofis mai nauyin giram 80 ta yi laushi, kwali mai giram 200 ya fi dacewa, muddin firintar za ta iya jan sa. Kafin a saka kwalin, sai a fara bugawa a farar takarda, a ninka, a ba wani ya karanta da babbar murya, musamman sunayen iyalai da rana da lokaci.